Rezar Baba mai baki biyu

1/
Jiya da hantsi na saka hoton wata tsohuwar reza a kan tawul, sai ga tambayoyi kamar ruwan sama. Wai wannan kuma mece ce, daga wane gidan tarihi na ɗauko ta 😂 Na ce zan yi bayani, to ga shi. Zaren yana da tsawo, mai sauri ya adana ya dawo daga baya. 🧵

2/
Rezar mahaifina ce, kuma ta girme ni. Kusan wata tara ke nan ni nake riƙe ta duk Litinin da Juma'a. Fuskarsa nake gyarawa da ita. Idan da a ce bara warhaka wani ya gaya min zan taɓa fuskar Baba da hannuna, wallahi dariya zan yi masa.

3/
Kafin mu yi nisa, ba rezar nan ta cikin takarda da muke yanke farce ko fiƙe fensir nake nufi ba. Ba kuma ta roba da ake aski sau biyu a jefar ba. Wannan mariƙinta na dindindin ne, kan kawai ake canzawa. A cikin kan akwai siraran reza biyu a jere, ɗaya gaba ɗaya baya. Shi ya sa a gidanmu ake ce mata mai baki biyu.

4/
Gillette ce. Kamfanin ya fito da irinta a 1971. A Amurka sunanta Trac II, a Turai kuma GII. Da ita wannan yayi na jera reza fiye da ɗaya cikin kai guda ya fara. Kafin nan, mariƙi ake kwancewa a ɗora reza ɗaya a ɗaure. Ta Baba GII ce, rubutun ma ya kusa gogewa.

5/
Baba tsohon soja ne. Yana cikin sojojin Najeriya da aka tura Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara a 1978. A can ya saye ta. Ya dawo da rediyo, da bargo, da agogo, da ita. Rediyon ya mutu, agogon Baffa ya karɓe, bargon ya zama tsumma. Ita ce ta rage.

6/
Masu shirin buɗe min babin gemu a ƙasa, ku sha ruwa tukuna 😅 Baba yana da gemunsa fari fat, tun ranar da ya ajiye kaki ya sake shi. Saman kumatu da wuya yake gyarawa. Mutumin da ya yi shekara 35 ana duba fuskarsa a fareti ba ya iya zama da gashi yana sukarsa a wuya.

7/
Muna yara a bariki, ƙarar rezar nan ce agogonmu. Bayan asuba zai zauna a kujera 'yar tsugunno, ya jingine ƙaramin madubi a jikin buta, kofin silba da ruwan zafi a gefe. Sai ka ji "ƙar, ƙar", sannan ya kaɗa ta cikin kofin. Idan ƙarar ta tsaya ba ka tashi ba, ka san sauran.

8/
Ba wanda ya isa ya taɓa ta. Askin kai kuwa na wanzami ne, wani dattijo da suka daɗe tare, yana zuwa da zabirarsa duk bayan sati biyu. Amma fuska? A'a. Baba yakan ce, "Kai na wanzami ne, fuska tawa ce."

9/
Ni ɗan fari ne. Waɗanda suka tashi a irin gidanmu sun gane abin da nake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai." "Wancan yaron." Idan zai ba ni kuɗin makaranta, Umma yake ba wa, ita kuma ta ba ƙanwata ta kawo min. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, haka shi ma aka yi masa.

10/
Gaisuwarmu kullum iri ɗaya: in durƙusa daga bakin ƙofa, ido a ƙasa. "Baba, an tashi lafiya?" "Lafiya." Shi ke nan. Na fi shekara talatin a duniya, amma da za a ce in zana fuskar mahaifina, takalminsa zan fi iya zanawa.

11/
Bara, kwana huɗu bayan babbar sallah, ya tashi zai yi alwalar asuba, buta ta suɓuce masa. Umma ta ji ƙarar, ta leƙo, ta ga bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Ɓangaren dama ne: hannu, ƙafa, rabin fuska. Harshe ma ya yi nauyi.

12/
Bari in tsaya nan in ce wani abu. Idan kuka ga bakin mutum ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, ku ɗauke shi sai asibiti a take. Addu'a a yi ta a mota. Kada a ce bari gari ya waye, kada a ce bari a kira wane. A wannan ciwon kowane minti yana da tsada.

13/
Sati uku muka yi a asibiti. Da muka dawo gida, furfura ta rufe masa kumatu har maƙogwaro. Ranar farko ya hango kansa a madubin sif, ya kawar da kai. Masu dubiya suna ta sallama, abokan aikinsa na da, mutanen masallaci, shi kuwa ya girgiza kai, kar a shigo da kowa.

14/
Mun ɗauka ciwon ne. Umma ce ta gano. Ta ce, "Mutumin nan kunyar fuskarsa yake ji." Muka kira mai aski na bakin layi, ya zo da kilifarsa mai caji. Yana kunna ta, Baba ya juya fuska ga bango. Yaron ya yi ta lallashi, a banza. Muka biya shi kuɗin ƙafa ya tafi.

15/
Muka aika wa wanzaminsa. Ya zo ya aske kai tas. Yana kawo aska kusa da kunci, Baba ya ɗaga hannun hagu. Tsohon ya yi dariya, ya ce, "Na sani, Samanja. Shekara nawa ba ka ba ni nan ba, yau ma ba za ka ba ni ba." Ya naɗe zabira.

16/
Da yamma Baba ya nuna saman sif. Muka sauko da wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa. A ciki: rezar, buroshin kumfa da gashinsa ya cinye, guntun sabulu, dunƙulen alimun, madubin nan na bariki, da sababbin kawuna bakwai a jere cikin 'yar robarsu.

17/
Mu huɗu ne a ɗakin. Har da autanmu, wanda tun yana yaro yake hawa cinyarsa yana ja masa hula. Kowa ya san auta za a ba wa. Baba ya tsallake shi, ya dube ni, ya ce, "Kai." Na kalli Umma in ga ko za ta cece ni. Ta ce, "To ai kai ya nuna."

18/
Kafin in taɓa komai na tambayi likitarsa, don an ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Ta ce a gaskiya injin aski ya fi aminci ga mai shan irin wannan magani, saboda ɗan yanka kan daɗe bai tsaya ba. Na gaya mata yadda aka yi da kilifa. Ta ce to in bi a hankali, in ajiye auduga mai tsabta, idan jini ya ƙi tsayawa in kawo shi.

19/
Wanda ke jinyar nasa tsohon, don Allah ya riƙe wannan. Mu dole ce ta sa. Idan naku zai yarda da inji, ku yi da inji.

20/
Ranar farko. Na zaunar da shi a tsakar gida, na sa masa tawul a ƙirji. Hannuna rawa yake tun wajen shafa kumfa. Na kasa kallonsa, ga shi kuma aski ba ya yiwuwa ido a ƙasa. Na ce, "Baba, a ɗan ɗaga haɓa." Muryata ma ban gane ta ba.

21/
Na ɗora rezar yadda na saba da tawa ta zamani: danna, ja dogo tun daga kunne har ƙasa. Kunci ya tafi lafiya. Ina zuwa kwanar muƙamuƙi sai na ga ja cikin farin kumfa. Abin da ya fi tayar min da hankali, shi bai ko motsa ba. Ɓangaren dama ne, bai ji ba.

22/
Umma ta saka salati. "Kai, me ka yi masa?" Na danne da auduga ina kallon agogo, gumi yana bin bayana. Ya fi minti goma kafin ya tsaya. A raina na gama yanke hukunci: daga yau ba ni ba rezar nan, auta ya zo ya karɓa.

23/
Ina tattara kaya sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Hannunsa na hagu, da sauran ƙarfin soja a ciki. Ya mayar da rezar kan kuncinsa, ya karya min hannun kaɗan, ya ja gajere. Ya ɗaga. Ya sake karyawa, ya ja gajere. Sau uku. Sannan ya sake ni, ya rufe ido.

24/
A nan na gane kuskurena. Kan wannan rezar ba ya motsi. Ta gefe ake zura shi a kan wani ɗan layin ƙarfe, ya zauna daram. Duk inda fuska ta lanƙwasa, wuyan hannunka ne zai lanƙwasa da ita. Idan ba ka yi ba, baki zai shiga fata.

25/
Mu kuwa da masu lilo muka tashi. A 1977 Gillette ta fito da Atra, a Turai Contour, mai kan da ke bin fuska da kansa. A 1990 Sensor, kowace reza a kan ɗan sifirin. A 1998 Mach3 mai baki uku. A 2003 Schick ta kawo Quattro mai huɗu. A 2006 Fusion mai biyar. Kowace sabuwa tana rage wa hannu aiki.

26/
Abin dariya, a 1975 shirin barkwancin nan na Amurka, Saturday Night Live, ya yi tallan ƙarya na reza mai baki uku don tsokanar masu baki biyu. A lokacin abin ba'a ne. Bayan shekara 23 sai ga ta a kanti ana layin saye 😂

27/
Daren nan na yi shawara: ba zan sake koyo a fuskar Baba ba. Na cire kai ɗaya cikin sababbin, na ware shi nawa. Mariƙi ɗaya, kai daban. Ko mahaifinka ne kada ku haɗa baki ɗaya, ciwon hanta nau'in B da wasu cututtukan jini ta irin wannan hanyar suke bi. Mariƙin ma sai na wanke na goge da sifirit.

28/
To ni dama wuyana gonar ƙuraje ce. Tun ina jami'a nake fama. Na gwada hodar nan mai wari, na gwada mayuka, na sayi reza mai baki da yawa da kuɗin da ya isa cefane, ina ganin yawan baki shi ne inganci. In aske yau, jibi wuya ya yi burɗin-burɗin, kwalar riga ta zama azaba.

29/
Sai da na zauna na karanta yadda abin yake. Hikimar baki biyu ita ce: na farko yana kama gashi ya ɗan jawo shi waje yana yanka, kafin ya koma sai na biyu ya sake yanke shi. Guntun da ya rage sai ya koma ƙasa da saman fata. Shi ya sa fuska ke yin sumul.

30/
Ga mai miƙaƙƙen gashi, lafiya lau. Namu kuwa murɗaɗɗe ne. Idan aka yanke shi da tsini ya nutse, wajen fitowa sai ya lanƙwasa ya soki fata ta ciki, ko ya fito ya juyo ya sake shiga. Jiki ya ɗauke shi baƙo, wuri ya kumbura. Ƙurajen aski ke nan, kuma sun fi damun baƙar fata.

31/
Yanzu lissafa. Mai baki biyar, ja ɗaya, reza biyar ta bi fatarka. Ka maimaita wuri ɗaya sau uku, goma sha biyar. Ni kuma ga dannawa, ga aski sama-sama ina saɓa wa kwanciyar gashi don in ji santsi. Rabin laifin na hannuna ne.

32/
Kar a ce na ce mai baki biyu magani ce. Ita ma tana jawowa ta yanke, ita ce ma ta fara. Wanda ƙurajensa suka yi tsanani, abin da ya fi masa shi ne ya bar gashin, ko ya rage da kilifa ya bar ɗan tsiro, ya kuma ga likitan fata. Ni dai nawa sun ragu sosai, kuma na san canza hannu ne ya yi yawancin aikin.

33/
Ga yadda nake yi yanzu, a fuskata da ta Baba. Tawul da ruwan ɗumi a kan wurin, minti biyu zuwa uku. Gashin da ya sha ruwa ya fi laushi nesa ba kusa ba. Sannan kumfa da buroshi, a murza sosai har ƙasan gashi. Kumfar kada ta bushe. Idan ta fara bushewa a ƙara.

34/
Kafin kumfa, shafa da yatsa ka ji inda gashi ya kwanta. Inda ya yi santsi, nan ne hanyarsa, nan za ka bi. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo. A wuya kuwa kowa da taswirarsa. Na Baba, gefen hagu ƙasa yake bi, gefen dama ya karkata wajen kunne, ƙarƙashin maƙogwaro kuma sama yake tafiya.

35/
Ja gajere, kamar faɗin yatsa biyu. Kada ka danna, ɗora kawai. Bayan kowane ja biyu kaɗa ta cikin ruwa, don tsakanin bakunan nan matsattse ne, nan da nan yake toshewa. Kada ka buga ta a bakin kofi, kada ka goge bakin da tawul. Wuri ɗaya sau ɗaya, in ya matsa sau biyu da sabuwar kumfa.

36/
An gama, ruwan sanyi, sannan a jiƙa alimun a shafa. Inda ya yi zafi, nan ka matsa hannu, gobe ka kiyaye. Rezar a ɗauraye, a yarfe, a ajiye inda za ta bushe. Barin ta a banɗaki cikin laima shi ke kashe baki da wuri.

37/
Fatar tsoho daban ce. Ta saki, tana naɗewa gaban reza, dole ka ɗan miƙe ta da yatsu biyu. Ɓangaren da ya shanye kuma ba ya iya hura kunci ya taimake ka. Don haka hannuna na hagu kullum yana kan fuskarsa. Sati biyun farko ina yi ina jin kamar na yi rashin kunya.

38/
A haka na fara ganin abubuwa. Billensa na kunci, ashe ba miƙaƙƙe ba ne, ya ɗan karkace a ƙarshe. Akwai tawadar Allah bayan kunnen hagu, irin tawa sak, wuri ɗaya. Na je na duba madubi don in tabbatar. Sannan wani tsohon tabo ƙarƙashin muƙamuƙi, tsawon gaɓar yatsa.

39/
Wata Juma'a na yi ƙarfin hali. "Baba, wannan tabon fa, a Lebanon ne?" Ina jiran labarin yaƙi. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa, ashe dariya yake. Da ƙyar kalmomin suka fito: "Zariya. Dafo. Reza." Ashe yana kurtu ne, da tsirarar reza, cikin duhu, ana busa bigilar fareti.

40/
Kalma uku, amma wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi shi da ni ba tare da ɗan aike ba. Na gama askin, na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan jima. Ba sai na faɗa muku abin da na yi a ciki ba.

41/
Ranar da na yi masa askin farko mai kyau, ya karɓi madubi ya duba hagu, ya duba dama. Ya nemi hularsa. Da la'asar ya ce a buɗe wa masu dubiya. Wani tsohon abokin aikinsa ya shigo ya ƙame ya sara masa, ya ce, "Samanja, yau ko fareti aka kira ka shirya."

42/
Sai matsala ta biyu. Kai ɗaya yana yi mana kamar wata guda. Bakwai ne, na ci ɗaya wajen koyo, saura shida. Na sa mariƙin a aljihu na shiga Kasuwar Sheikh Gumi a nan Kaduna, shago bayan shago. Kowa ya juya ta ya miƙo min. Wani yaro ya ce, "Oga, wannan ai ta zamanin Gowon ce." Kuma bai yi ƙarya ba 😭

43/
Wasu suka ce ga mai uku, ga mai biyar, in ɗauka mana. Ba sa shiga. Kowane mariƙi da irin bakin da yake karɓa, haka aka tsara kasuwar: mariƙi sau ɗaya ake saye, kawuna kuwa har abada. Na sa aboki ya duba min Sabon Gari a Kano, shi ma ya dawo hannu rabbana.

44/
Na gwada dabara. Na sayo ta roba mai baki biyu, irin ta jefarwa, na ce ai duk ɗaya ne. Baba ya karɓa da hagu, ya auna nauyinta a tafinsa, ya ajiye min ita a cinya. Ko kallo na biyu bai yi mata ba. Da muka ɗora kai na shida na ƙarshe, wallahi barci ya fara yi min wuya.

45/
Ɗan ƙanwar Umma da ke karatu a Indiya ne ya fitar da mu. Na tura masa hoto, ya zaga, ya ce a can akwai kawuna masu suna 7 O'Clock PII, su ma na Gillette ne, kuma ta gefe ake zura su. Ya ba wani mai dawowa guda goma. Na zura na farko, ya zauna daram. Umma har da guɗa 😂

46/
Baba yana zuwa gashin ƙashi da motsa jiki, kuma Alhamdulillah hannun yana dawowa kaɗan-kaɗan. Watan jiya ya fara riƙe cokali. Sati biyu da suka wuce ya miƙo hannun dama yana neman rezar. Na ɗora masa, na rufe hannunsa da nawa, muka ja tare sau ɗaya.

47/
Jiya kuwa ya ture hannuna. Ja uku ya yi da kansa a kuncin hagu, gajeru, wuyan hannu a karye, yadda ya nuna min ranar farko. A na huɗu hannun ya gaji, ya miƙo min na ƙarasa. Abin da ya sa na ɗauki hoton nan da kuka gani ke nan.

48/
Zan faɗi gaskiya ko da za ku zage ni. Ina roƙon Allah dare da rana ya ba shi lafiya ya karɓi kayarsa. Amma akwai wani lungu a zuciyata da ke tsoron ranar. Idan ya koma yi da kansa, ni kuma in koma bakin ƙofa, "an tashi lafiya", "lafiya"? Ban san yadda za ta kasance ba.

49/
Har yau bai kira sunana ba, kuma ba na jira. Amma ina wanke buroshi jiya na jiyo shi yana ce wa Umma, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Yaron nan, hannunsa ya faɗa." Umma ta ce, "Ai gado ne." Na yi kamar ban ji ba.

50/
Saura kawuna bakwai a gwangwani. Duk wanda ya san inda ake samun masu shiga GII ko Trac II a Kaduna, Kano ko Zariya, ko akwai su a tsohon akwatin babansa ba a amfani da su, don Allah ya yi min magana ta akwati, zan saya. Sababbi dai, waɗanda ba a taɓa aski da su ba.

51/
Ku sa Baba a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan iyayen da suka riga mu. Bari in je, gobe Juma'a kuma sabulunmu ya ƙare. 🙏🏾